Daga Gizago Zuwa Zarto: Sana'ar Yin Kujerar Ofis a Birnin Sakkwato

1. Gabatarwa

Duk wanda ya daɗe yana shiga ofisoshin birnin Sakkwato ya san wani abu da kan faru kusan kowace shekara. Kujerar katako da aka sayo da damina, tana sheƙi, ba ta ko motsi, da zarar hunturu ya kankama sai ta soma ƙara in an zauna, kafin bazara ƙafa guda ta saki, daga ƙarshe a jingine ta a bayan ofis tare da 'yan'uwanta. A cikin wannan ofishin kuwa, sau da yawa akan tarar da wata tsohuwar kujera mai hannu, wadda ta ga akawu bayan akawu, har yau tana nan daram.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana abin da ya raba waɗannan kujeru biyu. Amsar a taƙaice ita ce, kujerar da za ta yi ƙarko a Sakkwato sai wadda aka yi da sanin iskar Sakkwato, tun daga zaɓen ice, zuwa busar da shi, zuwa yadda aka haɗa gaɓoɓinta. Amma kafin a kai ga ɗakin aikin kafinta, ya kamata a waiwayi yadda aka yi kujera ta shigo ofis, domin tarihin nan shi zai nuna ilmin da sana'ar ta gada, da kuma wanda ya zame mata baƙo.

2. Mazauni da Mulki

A Hausar dauri, mazaunin mai mulki gado ne ko karaga. Shi ya sa har yanzu ake cewa sarki ya hau gadon sarauta. Alƙali da malami kuwa a kan buzu ko tabarma suke zama, magatakarda ya ɗora takarda a gwiwa ya yi rubutunsa. Ita kujera 'yar gajeruwa ce ta cikin gida, wadda ake kira 'yar tsugunno, mata ne suka fi zama a kanta wajen tuƙin tuwo ko kitso.

Turawa sun ci Sakkwato ran 15 ga Maris, 1903. A cikin shekarun da suka biyo baya aka kafa ofishin Razdan da na Di'o, aka tsara En'e da baitulmali da kotuna a kan rubutu da lissafi. Sabon aiki ya zo da kayansa, kuma harshe ya adana shaidar haka: ofis, da tebur, da benci, da kabad, da shi kansa kafinta, duk kalmomin aro ne daga Ingilishi. Amma da aka zo kan mazaunin da ke bayan tebur, Bahaushe bai ari suna ba. Ya ɗauko kujerar tsakar gida ya laƙaba masa. Daga nan darajar kalmar ta yi ta hawa, har aka kai ga ana cewa wane ya ci kujera a zaɓe, ko ya samu kujerar Makka, ko an raba shi da kujerarsa. Aikin gwamnati ya ƙara yawa da Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa Maso Yamma a 1967, aka kafa jami'a a 1975, sa'an nan aka yi Jihar Sakkwato a 1976. Kowane sabon ofis kuwa sai an sa masa kujera.

3. Masassaƙi, Mai Sirdi da Kafinta

Aikin ice ba baƙo ba ne a birnin Shehu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya gina garin a 1809, ya bayyana a cikin littafinsa Usulus Siyasa cewa yana daga cikin haƙƙin da ke kan shugaba ya kula da masu sana'a, ya zaunar da su a garuruwa, kuma ya ambaci masu aikin ice tare da maƙera da maɗinka da marina. Sunayen shiyoyin birni irin su Marina da Takalmawa da Siriddawa suna tuna wa mutane yadda sana'o'i suka zauna da gindinsu.

Sai dai akwai bambanci babba tsakanin aikin masassaƙi da na kafinta. Masassaƙi gungume guda yake ɗauka, ya sa gatari da gizago ya yi ta ragewa har turmi ko akushi ko kujera ta fito. Abin da ya sassaƙa ba shi da gaɓa, saboda haka ba inda zai saki. Iyakarsa ya tsage. Kafinta kuwa da zarto yake fara aiki, ya yanka katako gunduwa-gunduwa, sa'an nan ya haɗa. Kujerar ofis mai hannu takan ƙunshi gunduwa 15 zuwa 20, da mahaɗai fiye da 20, kowace mahaɗa kuwa ƙofa ce da lalacewa za ta iya shigowa ta cikinta. Wannan sabuwar sana'a a makaranta aka fara koyar da ita a Arewa. Makarantun da Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 sun haɗa da ta koyon sana'o'in hannu, aikin kafinta na ciki.

Duk da haka, akwai wani mai sana'a na gargajiya wanda ya riga kafinta sanin matsalar kujera, watau mai yin sirdi. Shi ma ice yake haɗawa, ya lulluɓe da fata, domin ya ɗauki nauyin mutumin da zai yini a zaune yana motsi. Ya san cewa abin zama a kan ƙirar jikin mai zama ake yinsa, kuma ya san inda nauyi yake taruwa. Wannan ilmi gado ne da kafintan Sakkwato ya kamata ya riƙe.

4. Zaɓen Ice

Ba kowane ice ne yake yin kujera ba, ko kuwa icce, in ji Sakkwatawa. Ana bukatar mai ƙarfin ɗaukar nauyi ko da an sirantar da shi, mai jure gara, wanda kuma ba ya yawan motsi in iska ta sauya.

Daga itatuwan ƙasar Hausa da maƙwabtanta, maɗaci yana kan gaba: ja ne, yana da nauyi matsakaici, yana karɓar gyara, ko da yake zarensa yakan sarƙe ya ba magogi wahala. Kawo ya fi shi nauyi da tauri, kuma yana cikin itatuwan da suka fi kowanne ƙarancin motsi. Maɗobiya tana da kyan launi da zane, ga ƙarko. Ƙirya kuwa, wadda masassaƙa ke so domin turmi da taɓarya, taurinta yana dakushe kayan aiki, amma ba ta da na biyu wajen yin 'yan turakun da ake kulle mahaɗa da su. Daga kurmin Kudu ake kawo loko, wanda shi ma yana da ƙarko ƙwarai. Akwai kuma fararen katakai marasa nauyi masu araha, waɗanda suka dace da silin da akwati, amma in aka yi ƙafar kujera da su, to, an yi wa mai saye sakiyar da ba ruwa.

Ko a cikin ice mai kyau ma akwai zaɓi. Zuciyar ice, watau tsakiyarsa mai duhun launi, ita ce mai ƙarko. Farin da ke gefe kusa da ɓawo shi ne abincin gara da ƙwari masu huda. Haka kuma tilas a duba tafiyar zaren katako. Gunduwar da za ta zama ƙafa, zarenta ya miƙe daga sama har ƙasa, ba ƙulli, ba karkata.

5. Ice da Iskar Sakkwato

Nan ne gundarin maganar yake. Ice, ko bayan an sare shi, ba ya daina ma'amala da iska. In iska tana da laima sai ya sha ya kumbura, in ta bushe sai ya fitar ya tsuke. Ɗanyen ice yana fara tsukewa ne daga lokacin da ruwan da ke jikinsa ya sauko ƙasa da kimanin kashi 30 cikin ɗari na nauyin busasshensa, kuma zai ci gaba har ya daidaita da iskar wurin da yake.

Sakkwato kuwa gari ne mai iska biyu masu nisa da juna. Damina gajeruwa ce, galibi daga Yuni zuwa Satumba, kuma a tsakiyarta katako a cikin ɗaki yakan riƙe ruwa kimanin kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari. Da hunturu da bazara, lokacin da laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, zafi kuma ya wuce digiri 40 a watan Afrilu, wannan katakon yakan sauko zuwa kashi 4 ko 5. Katakon da aka yanka a kurmi aka loda a mota, ko an ce ya bushe, bushewar can ya yi, wadda ba ta kai ko ta daminar Sakkwato ba.

Abu na biyu da ya wajaba a sani shi ne, ice ba ya tsukewa daidai ta kowane ɓangare. A tsawonsa kusan ba ya motsi. A faɗinsa yake motsi, kuma motsin da yake yi ta bin zoben shekarunsa ya kusa ninka wanda yake yi daga tsakiya zuwa ɓawo. Dalilin da ya sa allo yake lanƙwashewa ke nan in yana bushewa. Alal misali, allon zama mai faɗin santimita 50 yana iya raguwa da rabin santimita har zuwa santimita guda tsakanin Agusta da Maris. In an daddanne shi da ƙusa ta kowane gefe, ba shi da wurin tafiya, sai ya tsage.

Maganin wannan haƙuri ne. Kafinta na ƙwarai yakan sayi katakonsa tun kafin ya samu mai saye. Ya jera shi a inuwa, a kan dakali, nesa da ƙasa saboda gara, ya sa 'yan sanduna tsakanin allo da allo domin iska ta ratsa. Ya shafe bakin kowane allo da fenti ko kaki, gama ta baki ruwa ya fi saurin fita, nan ne kuma tsagewa take farawa. Shanya katako a rana kuskure ne, don bayansa zai bushe cikinsa na ɗanye. Hanyar gane ya bushe ba ta da wuya: a ware allo guda a riƙa auna nauyinsa mako-mako, ran da nauyin ya daina raguwa, ya daidaita da iskar garin. Abin da ya fi dacewa shi ne katako ya ga hunturu guda cikakke a Sakkwato kafin zarto ya taɓa shi. Sannu ba ta hana zuwa.

6. Awo

Kujerar ofis ta bambanta da ta hutawa, domin mai ita zai yi sa'a 6 ko 8 a kanta yana rubutu. Saboda haka awonta daga jikin mutum da tsayin tebur ake ɗaukarsa. Teburin rubutu yakan kai santimita 74 zuwa 76. Mazaunin kujera kuwa santimita 43 zuwa 46 daga ƙasa, yadda tafin ƙafa zai sauka sosai, cinya ta kwanta ba tare da gaban kujera ya danne ta ba. Zurfin mazauni daga gaba zuwa baya kimanin santimita 40 zuwa 43 ne. In ya wuce haka, gajeren mutum ba zai kai ga majingina ba, sai ya yini a duƙe. Faɗinsa santimita 45 zuwa 50, amma a nan ya kamata a tuna da suturar ƙasar: mai babbar riga yana bukatar sarari tsakanin hannuwan kujera, kuma bakin hannun ya zama a dunƙule, don kada ya riƙa kama aljihu ko hannun riga.

Mazauni yakan ɗan karkata baya da digiri 3 zuwa 5, majingina kuma ta buɗe daga mazauni da digiri 95 zuwa 105, tana da ɗan tudu daidai ƙugu, inda ƙashin baya yake lanƙwasa ciki. Hannuwa su tashi santimita 20 zuwa 23 bisa mazauni, kuma a tabbata za su shige ƙarƙashin tebur. Gwanin kafinta yakan zana gefen kujerar a kan falle guda, daidai girmanta, kafin ya yanka kome, domin kuskuren da aka gani a zane ba ya cin katako.

7. Haɗi

Idan mutum ya jingina, ko ya tura kujera baya ta tsaya da ƙafa biyu, kusan dukan nauyinsa yana taruwa a wuri guda, watau inda sandar gefen mazauni ta haɗu da ƙafar baya. Duk kujerar da ta mutu, a duba nan, galibi daga nan ciwon ya soma.

Ƙusa ba ta iya riƙe wannan wuri. Ice yana kumbura yana tsukewa a kewayenta shekara bayan shekara, ramin yana faɗaɗa, ga girgizar zama da tashi, har ta yi sako-sako. Haɗin da ya dace shi ne na harshe da rami, kuma Bahaushe ya san asalinsa tun daga ƙotar gatari, inda ake huda ice a cusa ƙarfe ya zauna cif. Ana fafe rami mai kusurwa huɗu a jikin ƙafa da kurfi da guduma, a fitar da harshe a bakin sanda da zarto, kaurinsa kimanin sulusin kaurin sandar. Harshen ya shiga da turin hannu da ɗan bugu kaɗan. In sai an dake shi da ƙarfi, zai tsaga ƙafar. In kuwa yana lilo, gam ba zai cike giɓin ba har abada.

Bayan gam, sai a kulle da ɗan turke na ice mai tauri wanda zai ratsa ƙafa da harshe gaba ɗaya. Akwai wata dabara ta magabata a nan: akan gusar da hudar da ke jikin harshe da milimita 1 ko 2 zuwa wajen kafaɗar sanda, yadda in an buga turken zai jawo sandar ta manne da ƙafa. Irin wannan mahaɗa ko gam ya mutu ba ta saki. Haka kuma an fi son a yi haɗi da rani, lokacin da harshe ya kai iyakar tsukewarsa, domin in damina ta zo sai dai ya kumbura ya ƙara kamawa. Wanda ya haɗa da damina kuwa ya yi akasin haka, hunturu ne zai tona masa asiri.

Sauran ƙa'idojin kaɗan ne. Ƙafar baya da sandar majingina su fito daga gunduwa guda, a bi zaren ice wajen fitar da lanƙwasarta. A sa 'yan katakai masu kusurwa uku a lungunan ƙarƙashin mazauni. A ɗaure ƙafafu da sanduna daga ƙasa. Allon zama kuma a kama shi ta ramuka masu ɗan tsawo, domin ya samu wurin motsi.

Wanda yake shakkar ƙarkon wannan haɗi, ya dubi Masar. Kujerun da aka tarar a kabarin Fir'auna Tutankamun a 1922 sun haura shekara 3,000, kuma da harshe da rami da turaku aka haɗa irinsu. Busasshiyar ƙasa ba maƙiyiyar katako ba ce, muddin an yi aikin a kan sharaɗinta.

8. Fata da Gamawa

A kan mazauni, Sakkwato tana da abin da wasu garuruwa ba su da shi. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda majema ke jemewa da bagaruwa, ta daɗe da yin suna, har fatake suka riƙa ƙetara hamada da ita, masu ɗinkin littattafai a Turai suna kiranta da sunan Maroko saboda ta Arewacin Afirka take isa gare su. Ta dace da majingina da matashin hannu, ita kuwa ƙirgin sa, da yake ta fi kauri, ta fi dacewa da wurin zama. Fata tana shan gumi tana numfashi, abin da ledar kanti ba ta yi, kuma duk wanda ya yini a ofis da bazara ba wuta ya san bambancin. Ya kyautu a yi mazaunin a kan firam dabam mai cirewa, yadda in fata ta tsufa baduku zai sake ta ba tare da an taɓa jikin kujera ba.

Daga nan sai gogewa da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, ana bin zaren ice. Man da za a shafa, ko na kanti ne ko kakin zuma, ba ya hana ice shan iska, rage saurin abin kawai yake yi. Don haka tilas a shafe ko'ina, har ƙarƙashin mazauni da tafin ƙafafu, domin in gefe guda ya riga ɗaya bushewa, allo zai karkace.

9. Kammalawa

Wannan sana'a tana fuskantar matsi ta fuska biyu. Ta farko ita ce kasuwa. Kujerun roba da na ƙarfe masu taya sun cika kantuna, mai saye kuma yakan dubi farashin yau ya manta da na baɗi. Kafintan da aka matsa wa ya gama kujeru 50 cikin mako biyu ba shi da zaɓi sai ɗanyen katako da ƙusa, yaron da ke koyo a wurinsa kuma abin da zai tashi da shi ke nan. Ta haka ilmi yake ɓacewa ba tare da kowa ya lura ba.

Ta biyu ita ce daji. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, da saran itacen girki da gawayi, sun rage manyan itatuwa a wannan yanki. Yawan fitar da maɗobiya zuwa ƙasar Sin ya sa aka shigar da ita cikin yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikin tsirrai da dabbobin da ke cikin haɗari daga farkon 2017, kuma a taron Panama na 2022 aka ƙara da maɗaci da kawo. Bishiyar da ta yi shekara 30 ko fiye kafin ta isa yanka, zalunci ne a mai da ita kujerar da ba za ta ga hunturu biyu ba.

Gyaran yana hannun mutum uku. Mai sayen kayan ofis ya ba da aiki da wuri, ya tambayi yaushe katakon ya iso gari, ya kifa kujera ya dubi mahaɗanta kafin ya biya. Makarantun koyon sana'a su mai da busar da katako da haɗin harshe da rami su zama tushen darasi. Shi kuma kafinta ya waiwayi itatuwan da ke kusa da shi, musamman dogon yaro, wanda ya cika titunan birni: dangin maɗaci ne, zuciyarsa tana jure gara, kuma in an busar da shi a hankali yana yin kayan ɗaki. Tsohuwar kujerar nan da aka ambata a farko ba wani asiri gare ta ba. An zaɓi icenta, an jira shi ya bushe, an haɗa ta yadda ya kamata, kuma duk ukun suna cikin ikon kafintan Sakkwato na yau, in an ba shi lokaci da haƙƙinsa.